Duniya Makaranta: Agogon matafiyi da ba ya barin gida

A biranen Jeneba, Landan, Hon Kon, Dubai da Niyok akwai wani rukunin masu hannu da shuni waɗanda ba su da wata sha'awa a duniya da ta wuce tara agogon hannu. Ba agogo mai pil suke nema ba, irin wanda ake samu jika 2 ko 3 a bakin kasuwa. Agogon inji suke so, wanda ake murɗa masa kai ko kuwa motsin hannun mai shi ya riƙa ba shi rai. Tarin nasu yana da tsari kamar lefe. Akan fara da siririn agogo na shiga taro, a bi shi da na masu ninƙaya a teku, sa'an nan mai auna gudu na ƴan tseren mota. In waɗannan 3 sun samu, sai ido ya koma kan gurbin da ya saura cikin akwati, wato agogon tafiya, mai nuna lokacin gari 2 ko fiye a fuska guda. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin kuwa a jikinsa ake iya ganin dukan abin da ke cikin wannan sha'awa, na kirki da na wauta.

Da farko dai ya kamata a san abin da ake saye. Cikin agogon inji akwai wani siririn ƙarfe naɗaɗɗe wanda yake warwarewa sannu a hankali yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora, su kuma suna kaɗa wata ƴar ƙafa da ke kai da komowa, tana bugawa sau 28,800 a awa guda a yawancin agogunan zamani. Hukumar gwajin agogo ta ƙasar Suwis, wadda ake kira COSC, takan riƙe inji kwana 15 tana juya shi cikin zafi da sanyi, kuma takan ba shi takardar shaida in bai yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko saurin da ya wuce daƙiƙa 6 a yini ba. To, agogo mai pil na jika 3 ɗin nan kuskurensa bai cika wuce daƙiƙa 15 a wata ba. Ke nan wanda ya zuba miliyoyi ya sayi na inji ya san sarai cewa yaron shagonsa ya fi shi sanin ƙarfe nawa.

Wannan gaskiyar ta kusa kashe sana'ar baki ɗaya. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu mai pil da dutsen kwarz na farko da aka sa a kasuwa. Ma'aikatan agogo na Suwis, waɗanda suka kai wajen 90,000 a 1970, suka ragu zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Waɗanda suka tsira sun gane cewa ba za su sake cin kasuwa da daidaiton lokaci ba, saboda haka suka koma sayar da aikin hannu, da tarihi, da suna. A 1989, shekarar da gidan Patek Philippe ya cika 150, aka yi wani babban gwanjo a Jeneba na agogunan wannan gida kaɗai, kuma daga wannan lokaci ne tsohon agogo ya shiga sahun zanen hotuna da duwatsu masu daraja a idon attajirai. Akwai abin dariya a nan: a ƙarni na 16 malamin Kirista Jean Calvin ya hana mutanen Jeneba sa kayan ƙawa, maƙeran zinariya suka fake da ƙirar agogo domin shi kayan aiki ne. Yau ga shi agogon ya zama kusan kayan ƙawa ɗaya tilo da namijin Bature yake sawa ba tare da an yi masa kallon banza ba. A 2023 Suwis ta fitar da agoguna na faran miliyar 26.7 na kuɗinta zuwa ƙasashen waje, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba kafin nan.

Shi kuwa agogon tafiya, buƙata ce ta gaskiya ta haife shi. A da kowane gari da tsakar ranarsa, gwargwadon tsayuwar rana a kansa, kuma ba wanda abin ya dama muddin tafiyar ta doki ce ko ta raƙumi. Jirgin ƙasa ne ya ɓata wannan zama, domin ba a iya tsara tashi da sauka in kowace tasha tana da agogonta. Ranar 18 ga Nuwamba 1883 kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka da Kanada suka raba ƙasashensu yanki-yanki na lokaci. A watan Oktoba 1884 wakilan ƙasashe 25 suka hallara a Washinton, suka zaɓi layin da ya ratsa Girinic, wata unguwa ta Landan, ya zama mafarin awon duniya. Faransa ta ƙi jefa ƙuri'a. Ta riƙe lokacin Pari har 1911, kuma ko da ta sallama, dokarta ba ta ambaci sunan unguwar Ingilishi ba, sai ta ce lokacin ƙasa shi ne na Pari da aka mayar baya da minti 9 da daƙiƙa 21. Daga Girinic ɗin nan ne aka samu haruffan GMT da ake gani a fuskar agogunan tafiya.

Wanda ya fara cusa wannan tsari cikin agogo ta hanyar da ta ɗore shi ne Louis Cottier, wani maƙeri mai zaman kansa a Karuj, gefen Jeneba. A 1931 ya ƙera inji mai zobe 2 kewaye da fuska: ɗaya ɗauke da sunayen birane, ɗaya kuwa da lambobin awa 24, yana juyawa sau ɗaya a yini. Mutum ya dubi sunan gari, ya dubi lambar da ke gabansa, shi ke nan ya san lokacinsa. Manyan gidaje irin su Vacheron Constantin da Patek Philippe suka riƙa ba shi aiki. A 1945, da aka gama yaƙin duniya na 2, wasu mutanen Jeneba suka sa aka yi irin wannan agogo na aljihu guda 4, aka kai kyauta ga Churchill, de Gaulle, Truman da Stalin. Na hannu da Cottier ya yi wa Patek a shekarun 1950, mai lamba 2523, ba a yi su da yawa ba, shi ya sa a Nuwamba 2019 aka sayar da guda a gwanjon Hon Kon a kan kuɗin da ya kai wajen dalar Amurka miliyan 9.

Agogon Cottier na attajiri ne mai zaune a ofis yana aika waya ƙasashe. Na matuƙin jirgi daban ne. A farkon shekarun 1950 jiragen sama suna ƙetare yankunan lokaci da yawa a tashi guda, alhali kuwa lissafin hanya da maganar rediyo duk da lokacin Girinic ake yin su. Wani ƙaramin kamfani, Glycine, ya fito da Airman a 1953. Amma wanda ya yi suna shi ne GMT-Master na Rolex, wanda ya shiga kasuwa a 1955, kuma kamfanin jiragen Pan Am na Amurka ya ɗauke shi ya zama agogon matuƙansa. Dabarar mai sauƙi ce: an ƙara hannu na 4, mai kan kibiya, wanda yake kewaya fuska sau ɗaya cikin awa 24, sa'an nan aka sa zobe mai juyawa, rabi ja domin rana, rabi shuɗi domin dare. Saboda waɗannan launuka ne masu tarawa suka laƙaba masa sunan Pepsi. Zoben farko na wata roba ce mai tauri da ake kira bakelit, wadda take tsagewa, sai aka maye ta da ta alminiyam. Yau kuwa wannan zobe mai aibi shi ne ake rububi, domin kaɗan suka saura lafiya. Pan Am ya rushe a Disamba 1991. Matuƙan yanzu na'urorin jirgi ke ba su lokaci daga tauraron ɗan adam, fasinja kuwa wayar salularsa takan gyara kanta tun kafin ya kai wurin ƴan duwan. Sai bayan da aikin agogon ya ƙare ne farashinsa ya tashi.

Duk da haka, wanda ya ƙudura sai ya saya yana da tambaya guda da ta fi launin zobe muhimmanci, kuma da yawa ba su yin ta sai bayan sun biya. Agogunan GMT iri 2 ne, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. A iri na farko, in aka ja kan agogo, hannun awa na yau da kullum ne yake tsalle awa-awa, gaba ko baya, kwanan wata yana bin sa, injin kuwa bai tsaya ba, hannun minti da na daƙiƙa ba su motsa daga wurinsu ba, hannun kibiya yana nan riƙe da lokacin gida. Rolex ya kawo wannan a GMT-Master II a farkon shekarun 1980. A iri na 2, hannun kibiya ne yake tsalle shi kaɗai. In mai shi ya sauka wata ƙasa, tilas ya tsai da agogo, ya juya hannuwa duka, sa'an nan ya koma ya gyara kibiyar da ta bi su ta ɓace. Na farko na mai tafiya ne. Na 2 na mazaunin gida ne da yake son sanin ko abokin cinikinsa na nesa ya tashi daga barci.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar Maraɗi da ya tafi sarin kaya Gwanzu ta ƙasar Sin. Nijar tana gaban Girinic da awa 1, Dubai inda zai yada zango da awa 4, Sin kuwa da awa 8. Da agogo iri na farko, yakan tura hannun awa taki 3 a Dubai, ya ƙara taki 4 a Gwanzu, ba tare da ya rasa daƙiƙa ko ɗaya ba. In ya fito kasuwa ƙarfe 8 na safe, kibiya za ta nuna masa 1, wato tsakar dare a gida, sai ya haƙura da bugun waya. Amfanin lambobi 24 ke nan, domin hannun awa 12 ba ya bambanta dare da rana. Haka alhaji a Makka, wadda ke gaban Nijar da awa 2. Salla dai da ranar wurin da mutum yake tsaye ake yin ta, saboda haka hannun da ya kamata ya fi sauƙin gyarawa shi ne na masauki, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba gardama tsakanin iri 2 ɗin ga duk wanda yake tafiya da gaske.

Gidan Patek ya bi wata hanya, daga wata dabarar Cottier da aka yi wa rajista a 1959. Agogunansa masu suna Travel Time suna da hannun awa 2, ɗaya cikakke na masauki, ɗaya mai huda na gida, da maɓalli 2 a gefe, na ƙarawa da na ragewa. In mutum ya komo gida sai hannuwan su haɗu, ɗaya ya ɓoye ƙarƙashin ɗaya. A wajen kyan tunani da wuya a samu wanda ya fi wannan, sai dai kuɗinsa ya ninka na Rolex sau da yawa.

Shi kuwa mai zoben birane, wanda ya fi kowane cika ido, yana da wani rauni da maƙeri ba ya iya magancewa, domin lokaci hukuma ce take yanke shi. Yamai da Pari agogonsu ɗaya a lokacin sanyin Turai, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Pari takan wuce gaba da awa 1. Zoben da aka rubuta da tawada bai san da wannan ba, saboda haka wata 7 cikin 12 ƙarya yake yi game da Turai. Indiya tana gaban Girinic da awa 5 da rabi, Iran da 3 da rabi, Nepal da 5 da minti 45, duk ba su da gurbi a zoben gida 24. Sai a 2011 Vacheron Constantin ya fito da mai yanki 37 domin ya ɗauke su. Rasha ta tura Mosko gaba da awa 1 a 2011, ta komo da ita a 2014. Benezuwela ta rage rabin awa a 2007, ta mayar a 2016. Da Patek ya sabunta agogonsa na birane a 2016, sai aka ga sunan Dubai ya shiga, na Riyad ya fita. Masu tarawa sun mai da wannan aibi abin alfahari, suna karanta tsofaffin zobba kamar taswirar daulolin da suka shuɗe, inda ake samun Bombai da Saigon da sauran sunayen da aka daina amfani da su a hukumance. So hana ganin laifi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce gishirin zancen. GMT-Master II na farin ƙarfe mai zoben tangaran ja da shuɗi, wanda ya fito a 2018, farashinsa na kanti ya zarce ero 10,000 a shekarun baya-bayan nan, wato sama da sefa miliyan 6 da rabi. Amma riƙe kuɗin a hannu bai isa ba. Wanda ya shiga kantin dillalin kamfani yakan tarar da agogon a bayan gilashi da ƴar takarda mai cewa na nuni ne kawai. A rubuta sunansa, a ce ya jira. Jiran ba shi da layi na gaskiya. Wanda ya saba sayen sarƙa da zobe da agogunan da ba su tafiya a kasuwa shi ake fara kira. Mutum yakan kashe ninkin kuɗin abin da yake so a kan abin da ba ya so, domin a yarda a sayar masa. Abin mamaki kuma shi ne na farin ƙarfe ya fi na zinariya wuyar samu.

Daga 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, ruwan bashin banki ya faɗi ƙasa, masu kuɗin intanet suka yi yawa, sai ƴan kasuwa suka shigo cikin masu sha'awa. Wanda ya samu agogo a kanti da safe yana iya sayar da shi ninki 2 kafin la'asar. A Disamba 2021 aka sayar da wani Nautilus na Patek mai fuska shuɗiya, na farin ƙarfe, dalar Amurka miliyan 6 da rabi a gwanjon Niyok. Kasuwar ta kai ƙololuwa wajen Maris 2022, daga nan ta juyo. Cikin shekara 2 agogunan da aka fi yayi suka zube, wasu da kashi 1 cikin 3, wasu da rabi. Waɗanda suka ci bashi suka saya a saman tudu, da zaton agogo gona ce, su suka ji a jikinsu. Tsofaffin masu tarawa, waɗanda suka saya domin su ɗaura, ba su yi asarar komi ba sai surutu.

Abin da kasuwar take biya a zahiri, labarin agogon Marlon Brando ya nuna shi. Ɗan wasan ya sa GMT-Master nasa a fim ɗin Apocalypse Now na 1979. Da aka ce masa agogon zai ja ido, sai ya ɓamɓare zoben ya ci gaba da wasa. Agogon GMT na wancan zamani in ba zobe ba ya iya nuna lokaci na 2 ko kaɗan, kibiyar tana yawo ne a banza. A Disamba 2019 aka sayar da shi haka nan, ba zobe, da sunan mai shi da ya karce da hannunsa a baya, a kan dalar Amurka miliyan 1.95. Da talaka ne ya yi wa nasa wannan aika-aika, da mai gyara ya yi masa faɗa.

Bayan saye kuma sai riƙo. Inji yana son mai da wanki. Rolex yana ba da shawarar a kai shi gyara wajen kowace shekara 10, kuma kuɗin gyaran kaɗai ya isa sayen agogo mai pil fiye da 100. Maganaɗisun da ke jikin murfin jaka ko lasifika yana iya sa shi gudu. In mai gyara ya goge ƙarfen domin ya yi ƙyalli, ko ya sauya tsohuwar fuska da sabuwa, daraja ta faɗi, domin masu tarawa tabo na asali suke so. In akwati da takardar saye sun ɓace, nan ma an rage. Jabu kuwa ya kai matsayin da sai an buɗe baya an sa madubin ido kafin a gane shi, abin da ya sa Rolex da kansa ya fara ba da shaidar tsofaffin agogunansa ta hannun dillalansa a ƙarshen 2022.

Tafiyar ita kanta ta zama abokiyar gabar agogon tafiya. A Landan, Pari, Barselona da Napoli akwai ɓarayi ƙwararru da suka san lambar kowane agogo daga nesa, suna bin mutum daga bakin otel, kan babur ko a ƙasa, su fizge su ɓace, wani lokaci da wuƙa. Zoben ja da shuɗi da aka yi domin matuƙi ya gani cikin duhun jirgi, ɓarawo ma yana hango shi daga ƙetaren titi. Ga kuma ƴan duwan. A Janairu 2024 aka tsare Arnold Schwarzenegger, ɗan wasan fim kuma tsohon gwamnan Kaliforniya, wajen awa 3 a filin jirgin Munik ta Jamus, saboda wani Audemars Piguet da ya shigo da shi bai bayyana ba, wanda yake nufin sa wa a gwanjon taimako a Otirish.

Saboda haka ne ake samun al'adar da ta zama ruwan dare tsakanin masu tarawa: a sayi agogon tafiya na miliyoyi bayan jiran shekaru, a kai shi akwatin ƙarfe na banki, sa'an nan a nemi wani mai sauƙin kuɗi domin hanya. Masu ƙira sun lura da wannan gurbi. Tudor, ƙanen Rolex, ya fito da Black Bay GMT a 2018, mai hannun awa mai tsalle irin na yayansa, a kan ƙasa da rabin kuɗin. A 2022 kamfanin Miyota na Japan ya fara sayar wa ƙananan maƙera inji mai lamba 9075 da yake yin wannan aiki, har aka samu agogunan tafiya na gaskiya da ba su kai ero 1,000 ba. Irin waɗannan su ne suke shan ƙura da zufa tsakanin Dubai da Gwanzu. Shi kuwa na bankin, injinsa awa 70 yake ɗauka in an cire shi daga hannu, ranar ta 3 sai hannuwan nan 4 su tsaya wuri guda, na gida da na masauki duka.